Tabon Yayana a Jikin Jita Shida

Daga:
Ƙanwar marigayi Bahago, makaɗin jitar bes,
Ɗaki na ƙarshe, hawa na biyu,
Gidan haya mai koren ƙyaure, bayan asibitin ido.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ɗa'a da Sasanci,
Ƙungiyar Masu Gyara da Sayar da Kayan Kiɗa.

Kwanan wata: 9 ga Nuwamba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN WANI ƊAN ƘUNGIYARKU, MAI SHAGON GYARAN JITA DA KE LAYIN MASU WALDA, BISA KWAIKWAYON TSUFAN JITAR MARIGAYI YAYANA DA CAKUƊA TA DA WASU

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina mai gabatar da kokena a gaban kwamitinka, a madadin kaina, da mahaifiyarmu, da kuma 'yar da marigayin ya bari. Ina neman afuwa tun farko idan ta yi tsawo. Na sha rubuta ta ina yagawa, domin duk sa'ad da na ce zan tsaya kan abin da ya faru, sai alƙalamin ya zame ya koma kan wanda ya rasu. Ga bayanin, gwargwadon yadda na iya tsara shi.

1. Yayana, wanda abokan sana'arsa suka sani da Bahago, ya rasu a watan Maris na bara bayan jinyar ƙoda. Bai bar fili ba, bai bar mota ba. Ya bar 'ya mace da jita guda ɗaya, irin mai kaurin muryar nan da makaɗa ke kira bes, mai tsirkiya huɗu, launin ruwan madara. Da yake bahago ne, kuma lokacin da ya fara koyo bai sami wadda aka ƙera domin bahagwai ba, sai ya kifa ta badamai ya riƙa kaɗa ta a juye, babbar tsirkiya a ƙasa, ƙarama a sama. Haka ya yi har ya bar duniya. Abokansa kan tsokane shi cewa shi kaɗai ne mutumin da ke hawa tsani da kai a ƙasa, shi kuma ya ce musu ai a hakan ma yana riga su isa. Saboda wannan juyin, fentin ya cinye a inda ba ya cinyewa a jitar kowa, wato gefen da maɓallan murɗa sauti suke, nan ne damtsensa ke kwanciya. Wurin ya goge har katako ya fito, ya yi duhu, ya yi santsi kamar goshin jariri. A bayanta akwai zanen da ƙarfen bel ɗinsa ya yi. A ƙasa akwai ƙuna mai siffar hancin dutsen guga, daga ranar da Mama ta ajiye shi a kanta tana sauri, abin da suka yi shekaru suna yi wa juna gori a kai. A can saman kai kuwa akwai shaidar haƙora biyu ƙanana, na 'yarsa, lokacin da take fitar da haƙori tana cizon duk abin da ta samu. Ya hana a goge. Yakan ce wannan ne sa hannun mai jitar na gaskiya, shi aro yake yi.

2. Ya kamata in sanar da kwamiti halin da mahaifiyarmu take ciki, domin a kansa ƙorafin nan ya tsaya. Ciwon suga ya tafi da ganinta tun kafin rasuwar Yaya. Ba ta ga fuskarsa a kan gadon asibiti ba, shafa ta ta yi. Tun bayan rasuwar, kullum da hantsi takan lallaba bango ta shiga ɗakinsa, ta zauna a bakin gado, ta ɗora jitar a cinya, ta kwantar da tafinta a wurin da damtsensa ya cinye. Ba ta kuka, ba ta magana. Takan jima a haka, sa'an nan ta mayar da ita ta fito ta tambaye ni ko an ɗora ruwan shayi. Hotunansa suna nan cike da wayata, amma hoto ba ya yi mata amfanin komai. Jitar nan ita ce hoton da take iya gani.

3. A ranar 4 ga Agusta na kai jitar shagon wanda nake ƙorafi a kansa. Abokin Yaya, wanda muke kira Mai Ganga, shi ya lura wuyanta ya fara lanƙwasa saboda an bar tsirkiyoyin a ɗaure ba a taɓawa, ya ce idan ba a daidaita ba zai tsage. Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba yana da kanta ta gilas da tsirkiyoyi a leda da sifikoki a jere, na baya kuma an rufe shi da labulen roba, warin fenti na fitowa ta ƙarƙashinsa. Na faɗa wa mai shagon da bakina, a gaban Mai Ganga, cewa wuya kaɗai za a gyara, kada a taɓa fenti, kada a goge ko da ƙura. Ya dafa ƙirji ya ce ƙanwata, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Sai ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki bai taɓa ganin tsufa mai kyan wannan ba. Ya ɗauke ta hoto gaba da baya. Ya shimfiɗa wata takarda shara-shara a kanta yana bin gefen kowane tabo da fensir a hankali, ya ce don ya tabbatar komai ya dawo mini yadda na kawo shi. Ranka ya daɗe, na ji daɗin hakan. Na ɗauka na sami wanda ya gane darajar abin da ke hannunsa, har idona ya ciko na kau da kai.

4. An yi ta ce mini gobe, jibi, sai ranar 21 ga Satumba aka ba ni ita. Na duba a shagon, na ga gogaggen gefen, na ga ƙunar, na ga haƙoran, na yi godiya na tafi. Washegari da hantsi Mama ta shiga ɗakin kamar yadda ta saba. Ina kicin na ji ta kira ni da wata irin murya da ban taɓa jin ta da ita ba, a hankali, kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Na same ta ta ɗaga hannayenta biyu sama, jitar na kan cinyarta, kamar wadda aka ɗora wa jaririn da ba ta san uwarsa ba. Ta tambaye ni ta wane ne wannan. Na ce ta Yaya ce, gyara aka yi mata. Ta ce a'a. Ta ce inda hannunsa yake kwanciya akwai ɗan kwari da tafinta ya saba faɗawa ciki, nan kuwa a shafe yake, an dai cire fenti ne kawai. Ta kai hancinta ta shinshina, ta ce wannan duhun ganyen shayi ne da man goge takalmi, ita ta san warin zufar ɗanta tun yana cikin zanen goyo. Ta ce in ɗauke mata ita daga jiki. Daga wannan rana ba ta ƙara taka ƙofar ɗakin ba.

5. A ranar 23 ga Satumba na koma shagon ba tare da sanarwa ba. Ban sami kowa a gaba ba, sai na ɗaga labulen robar. Ranka ya daɗe, na karanta littattafai da yawa da ke ba da labarin mutumin da ya shiga ɗaki ya tarar da mamacinsa zaune yana jiransa, kuma ina rufe su ne in yi barcina. Ban taɓa karanta labarin wadda ta tarar da nata mamacin har sau uku a jere a jikin bango ba. Jita uku ne a rataye, duka ruwan madara, duka gogaggu a gefen maɓallai, duka da ƙunar dutsen gugar Mama, duka da haƙoran yarinyarmu. A kan teburi ga sanfefa ta goge katako, ga tarin makullai a zare da ake bugun katako da su, ga reza ta tsaga fenti, ga kofin shayin da ya yi baƙi da tsumma a ciki, ga tsohon dutsen guga, ga kuma cokali mai yatsu da aka karye wa yatsu biyu aka bar biyu. Na daɗe ina kallon cokalin nan kafin na gane da shi ake yin shaidar haƙoran. Takardar shara-sharar tana manne a bango da ƙusa, iskar fanka tana ɗaga ta tana saukewa.

6. Da mai shagon ya shigo bai nuna kunya ba, ya ma jawo mini kujera. Ya bayyana mini cewa tsufantar da sabuwar jita sana'a ce sananniya, samari suna son su hau dandamali da abin da zai nuna sun daɗe a hanya, ko da jiya suka fara. Ya ce gogewar gefen sama kowa na yi, ta cika kasuwa, amma irin ta Yaya babu mai ita, shi ya sa ya sayo sababbi biyar masu ƙirarta ya yi musu tsufanta. Ya ce kamata ya yi in yi alfahari, ya raya sunan yayana, har ma samfurin Bahagon yake kiran sa. Da na tambaye shi ina tamu, ya fara rantsuwa cewa ita ya ba ni. Da na gaya masa abin da Mama ta ce, sai ya sosa ƙeya. A nan ne ya furta abin da ya hana ni sukuni har yau. Ya ce wuyan irin wannan jita da kusoshi huɗu ake ɗaure shi a jiki, kuma lokacin da yake daidaita launi ya kwance dukkan wuyoyin shida ya jera su gefe guda, jikkunan ma gefe guda, domin ya riƙa gwada su da na asali. Da ya zo mayarwa, aikin ya yi kyau har shi kansa bai ƙara bambancewa ba. Yana faɗin wannan da wani ɗan murmushi na gwani. Ke nan mai yiwuwa jikin jitar Yaya yana wuri ɗaya, wuyanta yana wani wurin. Kuma biyu daga cikin shidan ya riga ya sayar. Ya yi mini tayin in zaɓi duk wadda ta kwanta mini a rai cikin ukun, ya ƙara mini da sabuwar jaka. Na tashi na fita.

7. A ranar 19 ga Oktoba da la'asar, Mai Ganga ya kai ni wani zaure inda wasu matasa ke gwajin kiɗa, domin ya ji labarin ɗaya daga cikin biyun da aka sayar tana can. Wanda ya saya saurayi ne mai ladabi, badame, yana riƙe da ita yadda kowa ke riƙewa. Damtsensa yana kwance a kan fenti mai ƙyalli wanda ba abin da ya taɓa shi. Gogaggen wurin kuwa yana can ƙasa, babu kowa a kansa, yana lilo da kiɗan, sai ka ce akwai wani mutum na biyu da ba a gani, ya rungumo ta daga ɗaya gefen yana kaɗawa tare da shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Da suka huta na roƙe shi ya bar ni in taɓa. Ya miƙo mini da hannu biyu, yana gaya mini cewa an ce masa ta wani tsohon makaɗi ce da ya zaga duniya, haƙoran nan kuma na karensa ne. Ban gyara masa ba. Na rufe ido kamar yadda Mama ke yi, na kwantar da tafina, na jira. Ranka ya daɗe, ban gane ba. Ni da na tashi ina jin muryar jitar nan ta cikin bango tana girgiza kwanukan kicin, ni da na riƙe ta a motar asibiti, na kasa cewa ita ce ko ba ita ba ce. Mai Ganga ma ya gwada ya girgiza kai.

8. Wannan ya kawo ni ga dalilin gaggawar. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da zai iya fitar da jitar Yaya daga cikin shidan, ita ce mahaifiyarmu, kuma da hannu za ta yi. A ziyararmu ta ƙarshe likita ya soka mata wani ɗan tsinke a kan yatsu yana tambayar ko ta ji. A hannun hagu ta ji biyu, a na dama uku. Ya gaya mini a waje cewa ciwon da ya ɗauke idon ya fara bin jijiyoyin yatsu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tuni ta fara sakin kofi ba ta sani ba. Jiya ta ce in duba mata ko maɓallin rigarta ya shiga, abin da ba ta taɓa nema ba.

9. Ina ganin haƙƙin kwamiti ne ya san yadda gidanmu ya koma. Jitar da aka ba ni tana ɗakin Yaya, na juya fuskarta bango, na kasa fitar da ita domin mai yiwuwa wuyanta nasa ne. Idan firji ya tashi da gurnaninsa, Mama takan ɗaga kai ta karkata kunne wajen ɗakin, sa'an nan ta sunkuyar. 'Yarsa, wadda yanzu take aji uku, ta ji muna maganar, ta zo ta tsaya a gabana ta ce Gwaggo, wai haƙorana guda nawa ne a gari. Ta ɗauka abin dariya ne, na taya ta dariyar, na shige banɗaki na buɗe famfo. Ni kaina na koma ba na wuce shagon kayan kiɗa sai na leƙa, ba na ganin mutum da doguwar jaka a baya sai na bi shi da ido har ya ɓace. Mun binne Yaya wuri ɗaya, mun san inda yake. Yanzu kuma ji nake kamar an tashe shi an rarraba, yana yawo a kafaɗun mutanen da ba su san ko sunansa ba.

Ina so in bayyana cewa ba sana'ar nake ƙara ba. Wanda yake son sabuwar jitarsa ta yi kama da tsohuwa, shi da kuɗinsa, kuma na ga da idona cewa mai shagon gwani ne, gwanintar tasa ce ma ta jawo mana wannan. Amma tabon da ya kwafa yana da mai shi. Shekarun mutum ne, da zufarsa, da kuskuren uwarsa, da bakin 'yarsa, kuma bai tambayi kowa ba. Diyya ba ta cikin abin da nake nema.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti da ya yi waɗannan:

(a) Ya umarci mai shagon ya dakatar da sayar da ukun da ke hannunsa nan take.

(b) Ya sa shi ya nemo mutum biyun da suka saya, tunda ya san su, a roƙe su su kawo nasu na yini ɗaya. Ni zan kawo wadda ke wurina. Duk wanda aka sami wani ɓangare na jitar Yaya a hannunsa, mai shagon ya musanya masa da wani.

(c) A kwance dukkan shidan a gaban wakilin kwamiti, a jera jikkuna gefe guda, wuyoyi gefe guda, a kan teburi mai tsawo, a bar mahaifiyarmu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon a yi wannan a ɗakin ƙasa domin hawa bene yana wahalar da ita, kuma da hantsi, lokacin da yatsunta suka fi ji. Kada a kunna fanka, sanyi yana kashe mata hannu. Kada a gaggauta ta.

(d) A karɓe takardar da aka zana tabon a kanta a ba ni, a goge hotunan da ya ɗauka, kuma sauran biyar ɗin a cike musu shaidar haƙoran ko da za a bar sauran.

(e) A sa ranar cikin wannan wata. Na san kwamiti yana da ayyuka a gabansa waɗanda suka fi wannan girma a idon jama'a, amma yatsu biyar ne suka rage mana, kuma ba su san jiran layi ba.

Akwai roƙo na ƙarshe, wanda na rasa harafin da zan sa masa. Mai yiwuwa ranar ta zo a makare. Mai yiwuwa Mama ta bi teburin nan daga farko har ƙarshe, ta dawo, ta tsaya a kan guda, ta kwantar da tafinta ta ce wannan ce, alhali mai shagon ya hango wata alama ta aikin hannunsa a jiki. Idan haka ta faru, ina roƙon Mai Girma Shugaba ya gargaɗe shi tun kafin mu shigo cewa ya kama bakinsa, kada ya yi tari, kada ya kalli kowa. Ni ma kada a gaya mini. A ɗaure wuyan da ta zaɓa a jikin da ta zaɓa, a sa mana a jaka, mu koma gida, ta sami abin da za ta ɗora a cinya da hantsi.

Ina godiya da lokacin da aka ba wannan takarda, tare da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya jiƙan namu da naku da suka riga mu.

Taka mai biyayya da jiran amsa,

Auta,
ƙanwar marigayi Bahago.

Shaida: Mai Ganga, abokin sana'ar marigayin, wanda ya amince a kira shi duk ranar da kwamiti ya buƙata.